Ƙofar da Ta Ƙi Rufuwa: Haƙƙin Ɗan Haya da Nauyin Mai Gida a New York

Ranar Lahadi 9 ga Janairu, 2022, da hantsi, gab da ƙarfe sha ɗaya, wata hitar lantarki ta kama da wuta a ɗakin kwanan wani sashe na benen Twin Parks da ke Bronx, a birnin New York. Benen hawa 19 ne, da sassa 120 a cikinsa. Masu sashen suka fito a guje kamar yadda kowa zai yi, ba su tsaya jawo ƙofa ba. Da ma ƙofar irin wadda ya kamata ta mayar da kanta ce ta rufu, amma sai ta tsaya a wangale. Wutar ba ta yi nisa da sashen ba. Hayaƙi ne ya fito ya cika barandar cikin benen, ya samu matakala, ya yi sama, a hawa na 15 kuma ya tarar da wata ƙofar a buɗe. Mutum 17 suka rasu, takwas a cikinsu yara, kuma likitocin da suka duba gawarwakin sun ce hayaƙi ne ya kashe su baki ɗaya. Galibinsu Musulmi ne 'yan asalin Gambiya. Allah Ya jiƙansu.

A irin waɗannan benaye na Bronx akwai Hausawa daga Gana da Nijar da Najeriya, suna haya, suna renon 'ya'yansu. Mu kuwa a gida, idan aka ce tsaron ƙofa, ɓarawo ne ke faɗo mana a rai. Mutum na kama haya sai ya nufi kasuwa ya sayo sabon kwaɗo, in da hali ya kira mai walda ya ƙara ƙarfe, ya kafa sakata biyu daga ciki. A bene mai hawa da yawa wannan tunani rabin magana ne. Ƙofar sashe a can aiki uku take yi: ta tare na waje, ta tsare wuta da hayaƙi kada su tsallaka, sannan ta bar na ciki ya fita cikin duhu ba tare da laluben mabuɗi ba. Ayyukan nan sukan ci karo da juna, kuma dokokin New York na ƙofa, in an bi su daki-daki, ƙoƙari ne na sulhunta su, da fayyace abin da ke wuyan mai gida da abin da aka bar wa ɗan haya.

Galibin waɗannan dokoki sun shafi ginin da ke da sassa uku ko fiye. Bari mu fara daga titi, wato babbar ƙofar da kowa ke bi ya shiga zauren bene. Dokar jiha ta ce duk benen da aka gina, ko aka mayar gidan haya mai sassa, bayan 1 ga Janairu, 1968, dole babbar ƙofarsa ta kasance mai rufe kanta kuma mai kulle kanta, a bar ta a kulle koyaushe sai in akwai mai gadi a bakin aiki. Idan sassan sun kai takwas, dole a haɗa da na'urar magana tsakanin ƙofar da kowane sashe, yadda mai sashe zai ji muryar baƙo kafin ya danna maɓallin da ke sakin makullin. Tsofaffin benaye waɗanda suka riga 1968, su ma ana sa musu waɗannan idan mafi yawan mazauna suka nema. Hasken ƙofar shiga da na matakala daga faɗuwar rana zuwa fitowarta shi ma aikin mai gida ne, haka kuma madubi a cikin lif, don mai shiga ya ga ko wani ya laɓe a kusurwa.

Me ya sa aka ɗora wa mai gida wannan? A da, kotunan Amurka kan ce mai gida ba ɗan sanda ba ne, laifin ɓarawo na ɓarawo ne. Wata shari'a a birnin Washington ce ta karya wannan ra'ayi a 1970. Wata mata ta kama haya a 1959 a wani katafaren bene mai sassa 585 a titin Massachusetts, lokacin da ake gadin ƙofofinsa. Sannu a hankali masu ginin suka janye gadin, sata da farmaki suka yawaita a barandu, a 1966 aka far mata ita ma a cikin ginin. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya, kuma hujjar kotun mai sauƙin fahimta ce. Ɗan haya zai iya ƙara makulli a ƙofarsa, amma ba shi da ikon taɓa babbar ƙofa, ko ɗaukar mai gadi ga ginin duka, ko gyara zaure. Wanda iko ke hannunsa, shi nauyi ke kansa. Ni dai ban ga yadda mai adalci zai yi jayayya da wannan ba.

Kotunan New York sun bi wannan layi, amma da iyaka. Mai gida ba ya lamunce wa kowa cewa ba za a taɓa shi ba. Abin da ke kansa shi ne ya ɗauki matakan tsaro na asali game da haɗarin da ake iya hangowa, kuma makulli mai aiki a babbar ƙofa shi ne na farko. A 1998 babbar kotun jihar ta yanke cewa wanda aka cuta ba sai ya kamo maharin ya gabatar ba. Ya isa ya kawo hujjar da ke nuna zato mafi rinjaye shi ne bare ne ya shigo ta ƙofar da aka yi sakaci da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a kotu sai ka nuna cewa mai bangon ya san da tsagewar, ko ya kamata ya sani. Shi ya sa ƙorafin da aka rubuta aka ajiye kwafinsa yake da daraja. Makullin da ya shafe wata uku a karye, kowa na wucewa yana tsaki, ba wanda ya rubuta, ranar da abu ya faru mai gida zai ce bai sani ba.

Yanzu mu hau sama, mu tsaya a ƙofar sashe. Dokar gidaje ta birnin ta lissafa abin da mai gida zai sa da kuɗinsa. Akwai makulli mai ƙwari da aƙalla mabuɗi ɗaya. Akwai sakata mai ƙwari wadda ake murɗawa da mabuɗi daga waje, daga ciki kuwa da yatsa kawai. Akwai 'yar kafar leƙe, don a ga mai ƙwanƙwasawa kafin a buɗe, da sarƙar da ke barin ƙofa ta ɗan buɗu kaɗan a yi magana ko a karɓi takarda. Waɗannan ba alfarma ba ce, kuma ba a ƙara wa kowa kuɗin haya saboda su. Wanda ya shiga sashe bai tarar da su ba, yana da damar nema a ranar.

A lura da maganar murɗa sakata da yatsa daga ciki, domin a nan ne namu suka fi kuskure, kuma kuskure ne da tsoro mai dalili ke jawowa. Akwai makullin da ke buƙatar mabuɗi ta ciki da ta waje. Mutane na son sa saboda ko ɓarawo ya fasa gilashi ya zura hannu, ba zai iya buɗewa ba. A birnin New York haramun ne a sa shi a ƙofar sashe, ko mai gida ne ya sa ko ɗan haya. Ka kwatanta ƙarfe uku na dare, lantarki ya ɗauke, hayaƙi ya cika falo har ba ka ganin tafin hannunka, yara na tari, mabuɗin kuma yana aljihun rigar da ka cire ba ka tuna inda ka rataye ta ba. Ko kuwa uba ya tafi aikin dare da mabuɗin, ya kulle iyalinsa don ya kāre su. Duk abin da zai hana yaro ko tsohuwa buɗe ƙofa daga ciki cikin daƙiƙa biyu, ko kwaɗo ne ko sarƙa mai makulli, tarko ne. Wannan hukunci ya shafi ƙyauren ƙarfe da ake sa wa tagar da ke fita kan tsanin gudun gobara. Irin wanda hukumar kashe gobara ta amince da shi ne kaɗai ya halatta, wato mai buɗuwa daga ciki ba tare da mabuɗi ba.

Sai batun rufe kai, wanda shi ne ya kawo mu. Shekara huɗu kafin Twin Parks, ranar 28 ga Disamba, 2017, wani yaro ɗan shekara uku yana wasa da murhun girki a hawan ƙasa na wani bene mai hawa biyar a titin Prospect, a Bronx ɗin dai. Wuta ta tashi, uwar ta kwashi 'ya'yanta ta fita, ƙofa ta tsaya a buɗe, matakala ta zama hanyar wuta har sama. Mutum 13 suka rasu. A cikinsu akwai Emmanuel Mensah, sojan Amurka haifaffen Gana, wanda ya fitar da maƙwabta ya koma ciki ɗauko wasu, bai sake fitowa ba. Bayan wannan ne majalisar birnin ta yi doka a 2018, ta ba masu gidaje wa'adi zuwa 31 ga Yuli, 2021, cewa duk ƙofar da ke fita baranda ko matakala a gini mai sassa uku ko fiye dole ta zama mai rufe kanta. Dokar tana nan daram ranar da Twin Parks ya kama. Abin da ya rage shi ne wanda zai duba ko ƙofofin na aiki.

Yadda abin ke aiki ba wani sirri ba ne. Wasu ƙofofin, akwai sifirin a cikin ƙarafan da suke juyawa a kai, wanda ke matsewa idan an buɗe ya kuma ture ƙyauren idan an saki. Wasu kuma wani hannu na ƙarfe ake kafawa a sama, mai sifirin da mai a ciki, man ne ke sa ƙofar ta dawo a hankali ba ta bugu ba. Ƙofar kanta an yi ta ne ta jure wuta na ɗan lokaci. Idan ta rufu ta kama, wutar ta rasa iskar da take ci, hayaƙin ya tsaya a sashe guda, maƙwabta su samu baranda mai tsabta su bi, 'yan kwana-kwana kuma su tarar da wutar a wuri ɗaya. Idan ta tsaya a buɗe, zafi kan yi sama, matakala ta ja hayaƙin tamkar bututu. Wannan hayaƙi na katifa da robobi guba ne, yana kayar da mutum tun kafin ya ji zafin wuta.

Ƙofa kan daina rufuwa ne saboda ƙananan abubuwa. Sifirin ya saki saboda tsufa. An shafa fenti a kan fenti har ƙyauren ya yi kauri yana gogar gefe. Gini ya ɗan zauna, ƙofa ta karkace. An shimfiɗa darduma mai kauri a bakin ƙofa tana riƙe ƙasanta. Kuma dole a faɗi gaskiya, wani lokaci mazauna ne da kansu ke kwance na'urar, don ƙofar na damunsu da bugu, ko tana kulle yara a waje, ko su tokare ta da takalmi ranar suna ko walima don baƙi su riƙa shiga ba sai an tashi ba. Mu mutane ne masu son ƙofa a buɗe, baƙo ya yi sallama ya shigo, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma a bene ƙofarka ba taka ce kai kaɗai ba. Ran wanda ke hawa na 15, da ba ka ma san sunansa ba, yana rataye da ita. Gyaran na'urar aikin mai gida ne, barin ta ta yi aikinta kuwa amana ce a wuyan ɗan haya.

Bayan Twin Parks an tsaurara dokar a 2022. Hukumar kula da gidaje ta birnin, wato HPD, tana karkasa laifuffuka gida uku, kuma ƙofar da ba ta rufe kanta tana cikin aji mafi muni, na haɗarin gaggawa. A da ana ba mai gida kwana 21 ya gyara, aka rage zuwa 14, aka kuma wajabta wa hukumar ta sake turo sufeto ya gani da idonsa maimakon ta yarda da takardar mai gida kawai.

To wa ke riƙe mabuɗi? Sabon ɗan haya bai san mutum nawa suka taɓa zama a sashen ba, bai san kwafi nawa ke yawo a gari ba. Jihar Texas ta magance wannan da tilasta wa mai gida ya sauya makulli da kuɗinsa cikin kwana bakwai da shigar sabon ɗan haya. New York ta bi wata hanyar. Ta ba ɗan haya ikon ƙara makullinsa na kansa a ƙofar sashe, ban da wanda mai gida ya sa, muddin kewayensa bai wuce inci 3 ba. Ba sai ya roƙi izini ba, kuma duk sharaɗin da aka rubuta a takardar haya cewa sai ya biya ƙarin kuɗi kafin ya sa, doka ta ce banza ne. Sharaɗi ɗaya ne a kansa: idan mai gida ya nemi kwafin mabuɗin, dole ya ba shi. Mutane da yawa ba sa son jin wannan, amma akwai dalili. Idan famfo ya fashe kana wurin aiki, ruwa na zuba kan na ƙasa da kai, ko aka ji warin gas, dole a samu hanyar shiga. Ƙin bayar da mabuɗin na iya zama hujjar kai ka kotu don a tashe ka.

Riƙe mabuɗi kuma ba lasisin shiga ba ne. Mai gida, ko mai kula da ginin da mazauna ke kira sufa, zai shiga ne da sanarwa tun kafin lokaci, a lokacin da ya dace, don gyara ko wani dalili da doka ko takardar haya ta yarda da shi. Gaggawa ta gaske ce kaɗai, kamar gobara ko ɓallewar ruwa, ke ba shi damar shiga ba sanarwa. Ga gidan da mata ke yini su kaɗai da yara, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma sarƙar nan ta ciki tana da amfaninta a nan.

Akwai kuma ranar da makulli ke zama makami a hannun mai gida. Duk mun saba jin labarin mai gidan da ya cire ƙyaure ko ya datse ɗaki da kwaɗo don ɗan haya ya gaza biya. A New York wannan laifi ne da ake kama mutum a kansa. Duk wanda ke da takardar haya, ko ya zauna a wuri bisa halal kwana 30 a jere ko da babu takarda, ba a fitar da shi sai da umarnin kotu, kuma jami'in da doka ta ba wannan aiki ne ke zartarwa, ba mai gida ba. Dokar ta ambaci dabarun da sunayensu: sauya makulli ba tare da ba da sabon mabuɗi ba, toshe kafar makulli, cire ƙofa, kwashe kayan mutum, yanke ruwa ko wuta ko ɗumama ɗaki. Tun 2019 wannan kariya ta game jihar baki ɗaya, da tarar dala 1,000 zuwa 10,000 kan kowane laifi, da yiwuwar ɗauri na kusan shekara guda. Bashin haya, ko na wata nawa ne, ba ya halatta shi. Wanda ya dawo ya tarar an sauya masa makulli ya kira layin gaggawa na 911, ya nuna abin da ke tabbatar da zamansa a wurin, ko rasit ne ko wasiƙa mai adireshinsa. In hakan bai buɗe ƙofar ba, ya tafi kotun gidaje ya nemi a mayar da shi. Wannan ya shafi wanda ke hayar ɗaki ɗaya a hannun ɗan'uwansa ɗan haya, abin da ya zama ruwan dare tsakanin sababbin zuwa.

Hanyar neman gyara ba ta da tsawo. A fara gaya wa sufa ko ofishin mai gida, a biyo da rubutu mai kwanan wata, a ɗauki hoto ko bidiyon ƙofar. In an yi shiru, a kira layin ƙorafi na birnin, wato 311, a karɓi lambar ƙorafi a adana. HPD za ta tuntuɓi mai gida, ta turo sufeto, in ya tabbatar ya rubuta laifin. In har yanzu ba a gyara ba, ɗan haya na iya shigar da ƙara da kansa a kotun gidaje, alƙali ya ba da umarnin gyara. Tun 1975 dokar jiha ta ɗauki kowace haya a matsayin mai ɗauke da alkawarin cewa wurin ya dace da zaman mutum kuma babu haɗari ga rai, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, don haka kotu na iya rage kuɗin hayar watannin da aka zauna cikin matsala. Amma kada kowa ya riƙe kuɗin haya da ra'ayin kansa kafin ya ga lauya, domin hakan na iya jawo masa ƙarar tashi. Tun 2017 birnin ke ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta idan ana neman tayar da su.

Abin da ya fi hana namu magana shi ne tsoro. Wani na ganin in ya yi ƙorafi za a ƙi sabunta masa haya, wani kuma takardun zamansa ba su kammala ba, ya gwammace ya yi shiru ya kwana da ƙofar da ba ta kulluwa. Doka ta hana ramuwar gayya. Idan mai gida ya nemi tayar da mutum cikin shekara guda bayan ƙorafin da ya yi da gaskiya, kotu na ɗauka ramuwa ce, sai mai gidan ya kawo hujjar akasin haka. Haƙƙin ɗan haya kuma bai dogara da takardun zama ba, yi masa barazana da jami'an shige da fice don a rufe masa baki shi kansa laifi ne. Wanda har yanzu yake shakka, ya haɗa kai da maƙwabta su rubuta tare, ko ya nemi shugabannin masallaci ko ƙungiyar 'yan garinsu su raka shi.

Tun ran gini, tun ran zane: ranar karɓar mabuɗi ce ranar duba ƙofa, amma wanda ya riga ya shiga ma bai makara ba. Ɗan'uwa, yau ka buɗe ƙofar sashenka har ƙarshe, ka sake ta, ka tsaya ka gani. Ka sake gwadawa daga rabi. Dole ta tafi da kanta ta rufu, ka ji harshen makullin ya kama. Ka gwada ta matakalar hawanku, ka gwada babbar ƙofa idan za ka fita. Ka nuna wa yaranka yadda ake murɗa sakata a duhu, ka koya musu cewa in wuta ta tashi, mai fita ya jawo ƙofa a bayansa. In ka samu wadda ba ta kamawa, ka rubuta wa mai gida a daren nan, in bai motsa ba ka kira 311.